A Fita da Iyali Kan Dutse Bayan Makoki

Jama'a, akwai wani abu da mu ke yi wa kallon al'adar Turawa, alhali kuwa a ganina mu muka fi bukatarsa. Watau in an yi wa gida rasuwa, bayan an share makoki, a tattara iyali a tafi da su wani wuri mai duwatsu da sanyin iska, a yi kwana uku ko huɗu tare.

Kowa ya san yadda mu ke yi. Ran da aka yi rashi gida ya kan cika maƙil, har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. A yi addu'ar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in. Daga nan sai kowa ya kama gabansa. Ɗalibi ya komo kwaleji, ma'aikaci ya koma Ikko ko Fatakwal, a bar tsofaffi da ƙanana suna kallon buzun mamaci da butarsa. To, lokacin ne fa baƙin ciki ya ke fara cin mutum sosai, lokacin ne kuma ba kowa. Abin da zai sake tara 'yan'uwa sai rabon gado, kun kuwa san irin tsamin da ya kan bari, balle a gidan da akwai 'yan uba.

Na ga amfanin abin da na ke faɗi a gidanmu. Da mahaifinmu ya rasu, muka jira har iyayenmu mata biyu suka cika takabarsu ta wata 4 da kwana 10. Sa'an nan babban wanmu ya ɗauki shatar mota ya kai mu Mambila, a Jihar Taraba. Daga Jalingo a kan bi ta Bali da Serti, in an wuce Mayo Selbe sai hanya ta fara hawa tana nannaɗewa, har a kai tudu mai tsawon wajen mita 1,600. Can za ka ga tsaunuka lulluɓe da ciyawa, da garkunan shanun Fulani, da gonakin shayi na Kakara, hazo yana sauka har kan rufin ɗaki. A wannan yanki ne Chappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Amma ba kyaun wurin ne ya yi aikin ba shi kaɗai. A gida kowace uwa da ɗakinta, kowane ɗa da tukunyar uwarsa. A Gembu kuwa sanyi ya kora mu duka gindin wuta guda. Wurin gangara, ɗan ɗaya ɗakin ne ya riƙe hannun mahaifiyata, yana cewa, "Sannu Inna, taka nan." Da dare aka shiga labarin tsoho, da yadda ya kan yi faɗa in an taɓa masa rediyo, sai ga mutane suna dariya, wadda ba a ji ba tun ran jana'iza. A wannan zama aka yanke wanda zai ɗauki kuɗin makarantar autanmu, ba da ɗaga murya ba.

Na sani wasu za su ce, "Ashe ana makoki suna yawon shan iska?" Wasu su ce ɓarnar kuɗi ce. Na farko dai, ban ce a fita cikin kwanakin makoki ba, ko a fid da mai takaba. Zancen kuɗi kuwa, a gwada shi da abin da shari'ar gado ta kan cinye in zumunci ya lalace. Ba kuma lalle sai Mambila ba. Ga Obudu a Kuros Riba, inda aka kafa gandun shanu tun 1951, ga duwatsun Idanre kusa da Akure, ga na Shere a gefen Jos.

Ku 'yan'uwana ɗalibai da aka yi wa rashi bana, ku kai wannan shawara gida hutu mai zuwa, ta bakin kawu ko gwaggo in kuna jin nauyin manya. A tambayi direbobi lafiyar hanya tukuna, a kauce wa tsakiyar damina don santsi, kowa kuma ya riƙe bargonsa.