Yabo Ko Zambo? Kalmar "Matronly" da Wuyar Fassararta

Sau da yawa mai koyon fassara yakan ɗauka cewa da zarar ya buɗe ƙamus ya ga kalmar Hausa a gaban ta Ingilishi, to aiki ya ƙare. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ɗauki kalma ɗaya tak in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa abin ba haka yake ba, tare da neman gyara daga malamaina inda na kauce. Kalmar kuwa ita ce "matronly", sifar da Turawa suke yi wa macen da ta manyanta, mai kamannin uwa.

Bari mu fara da asali. Kalmar ta fito ne daga "matron", wadda ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci daga "matrona" ta harshen Latin, ita kuma tushenta "mater", watau uwa. A wurin Rumawan da, matrona ita ce matar aure 'ya, ba baiwa ba, mai mutunci, mai riƙe da gida. Har biki gare su na musamman da ake kira Matronalia, wanda akan yi ran 1 ga Maris, mazaje suna yi wa matansu kyauta. A Ingila ma an daɗe ana kiran shugabar masu jinya ta asibiti da wannan suna, har rahoton kwamitin Salmon na 1966 ya jawo aka kawar da muƙamin, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2001. Daga wurinsu ne muka gaji sunan a asibitocinmu da makarantun kwana na 'yan mata.

Duk wanda ya tsaya ga wannan tarihi zai ce ai fassarar ba ta da wuya, dattijuwa ke nan. To, a nan gizo yake saƙar. A Ingilishin yau kalmar ta fi zuwa wajen bayanin jiki da tufafi. Ana nufin mace mai ƙiba, wadda ƙuruciya ta juya wa baya, mai sa kayan da yayinsu ya wuce. Idan aka ce wa Baturiya rigarta ta mai da ita "matronly", ba za ta yi godiya ba, domin abin da ta ji shi ne rigar ta tsofar da ita. Ma'anar mutunci ba ta mutu sarai ba, ana samunta a tsofaffin littattafai, amma zambon ya rinjayi yabon.

Abin mamaki, takwararta ta maza ba ta gamu da wannan ƙaddara ba. "Patron" daga "pater" take, watau uba, kuma har gobe tana nufin majiɓinci ko uban ƙungiya. Masana harshe sun lura da wannan tun tuni. A 1975 Robin Lakoff ta fitar da littafinta Language and Woman's Place, a shekarar ne kuma Muriel Schulz ta rubuta maƙala a kan yadda kalmomin da suka shafi mata sukan zube daga daraja zuwa raini. Dubi "master" da "mistress". Da can maigida da uwargida ne, amma ta biyun ta wayi gari tana nufin farka.

Mu kuwa a Hausa, dattako hali ne, ba siffar jiki ba. Dattijuwa ita ce mai haƙuri da kawaici da riƙon amana, wadda ake kira in aure ya rikice. Bugu da ƙari, a al'adance Bahaushe bai ɗauki ƙiba aibi ga matar aure ba, alamar hutu ce. Saboda haka wanda ya fassara "matronly" da dattijuwa a inda marubuci ya yi nufin ba'a, ya juya zambo ya koma yabo, ya ci amanar marubucin da mai karatu gaba ɗaya. Haka nan wanda ya tashi yaba wa baƙuwa da dattako ya ce mata "matronly", ya yi ɓatanci bai sani ba. Kama da wane ba ta wane.

A ganina, wajibi ne mai fassara ya dubi muhallin da kalmar ta zo. In yabo ake yi, sai ya ce dattijuwa ko mai kamala. In bayanin jiki ne kurum, ya ce ta manyanta, ta yi jiki. In kuwa ba'a ce, ya fito fili ya ce ta yi shigar tsofaffi. Kalma ɗaya ce a Ingilishi, amma fuska uku gare ta a Hausa, kuma ƙamus ba zai zaɓa masa ba.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, harshenmu ya tsira. Ban yarda ba. Mu dubi Magajiya. Sarauta ce babba ta mata, wadda tarihin Daura ya adana mana a sunan Magajiya Daurama, kuma har yanzu akwai ta a fadoji. Amma yau in ka ce magajiya a bariki, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne shugabar karuwai. Magaji fa? Yana nan da rawaninsa, Magajin Gari ne, Magajin Rafi ne, ba abin da ya taɓa shi. Ashe hanyar da "matron" ta bi, mu ma wata kalmarmu ta riga ta bi ta.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu nazarin Hausa da mu sa ido a kan kalmomi irin su dattijuwa da uwargida da gwaggo da hajiya, mu riƙa rubuta yadda ake amfani da su a baki da a rubuce, kada su zube muna kallo. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu dace.