Daga Rumfar Zango: Ga Samarinmu Masu Tace Bidiyon Biki

Wannan watan maganarmu da samari ce masu ɗaukar bidiyo, amma iyaye masu ba su aiki su ma su matso kusa.

Kwanakin baya wata Hajiya a nan Zangonmu na Lome ta aurar da jikarta. An yi kamu, an ɗaura aure, an kai amarya, yaro mai kyamara yana biye da komai. 'Yan uwa na Kumasi da na Maraɗi da ba su samu zuwa ba suka zuba ido a turo musu. Wata biyu shiru, har Hajiya ta fara cewa yaron ya cinye mata kuɗi. Da muka bi sawu, sai muka iske shi zaune gaban kwamfuta idanu jawur. Hoto yana tafiya yana tsayawa kamar tsohuwar mota a hawan tudu, wasu wuraren kuma allon ya koma ja da rubutu wai hoton ba ya nan. Ya ce, "Baba, sai dai in tafi Dekon in sayo sabuwa." Muka ce masa, "Ɗanmu, dakata tukuna, ruwa ba ya tsami banza."

Mu fara da nauyin tafiya. Wayoyi da kyamarori na yanzu suna matse hoto ne da tsarin H.264 ko H.265 don kada ya cika kati. Kallonsa ba wuya, amma wajen yanka da haɗawa dole kwamfuta ta riƙa warware matsin nan a kowane motsi. In kuma an ɗauka a 4K, kowane hoto yana da ɗigo fiye da miliyan 8, wato ninki huɗu na 1080. Kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar RAM mai giga 16 don aikin HD a Premiere Pro, da giga 32 don 4K. To ina ga kwamfutar hannu 'yar gwanjo mai giga 8?

Maganin ba ya cin ko dala. Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna iya yi wa kowane bidiyo ɗan wakili, wato ƙaramin kwafi mara nauyi, wanda a cikinsu aka rubuta Proxy. Da wakilin za ka yi yanka da jeri, ranar fitar da aiki kuma manhajar ta koma kan na asali, kyan hoto bai ragu ba. Ka sa ta yi wakilan da dare, ka kwanta abinka. Haka kuma ka rage kyan hoton da kake kallo lokacin aiki zuwa rabi ko kwata. In bidiyon waya ne kuma ka ga baki yana motsi murya tana baya, sau da yawa dalili shi ne waya ba ta ɗaukar hotuna adadi ɗaya a kowace daƙiƙa. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana daidaita wannan kafin a fara tacewa.

Sai wurin ajiya. Kada a tace aiki daga kan katin kyamara ko ƙaramin makullin USB. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce mega 100 da 'yan kai a daƙiƙa, SSD kuwa yana kai mega 500. In na waje ne, a soka shi a kafar USB 3, wadda galibi shuɗiya ce a ciki. Wanda ke da ɗan kuɗi, gara ya sayi SSD da ƙarin RAM da ya ci bashin sabuwar kwamfuta. A riƙa share tarkacen da manhajar ke tarawa, domin faifan da ya cika maƙil ba ya sauri. Kada kuma a manta da ƙurar hunturu. In ta toshe fanka, injin ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A buɗe a hure, kuma a daina ɗora kwamfuta a kan katifa.

Yanzu ga babbar magana, wato jan allon nan. Manhajar tacewa ba ta haɗiye bidiyonka a cikinta, hanyar gidansa kawai take riƙewa. In ka canja wa jaka suna, ko ka matsar da ita, ko Windows ta kira faifanka F alhali jiya E ne, to ta ɓace hanya. Wannan mai sauƙi ne, nuna mata inda suka koma sai ta gane su. Haka muka yi da yaron, yawancin bikin ya dawo.

Amma wani abu bai dawo ba. Kyamararsa tana raɗa wa bidiyo suna 00000, 00001, haka har ƙarshe, kuma kowane sabon kati daga nan yake farawa. Ya juye kati biyu a jaka ɗaya, kwamfuta ta tambaye shi ko ta maye gurbi, ya ce e. Katin farko kuwa ya riga ya goge shi ya ɗauki wani suna. Nan wajen da waliyyin amarya ya ba da aure ya tafi, ba dawowa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kowane biki a buɗe masa jakarsa, a fara sunan da shekara da wata da rana, sannan irin bikin. A cikinta kowane kati da ɗakinsa, sauti da nasa, aikin da aka gama da nasa. Da zarar an fara tacewa, ba matsarwa, ba canja suna. Kada a goge kati sai an ga aikin a wuri biyu an kunna ya yi. Masu sana'ar nan a duniya suna ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. A zamanin kaset, kowa ya san ya manna takarda a baya ya rubuta bikin wane ne. Yau ma takardar nan ake bukata.

Ku tuna, a 1977 aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari aka kwaso iyayenmu zuwa Togblekope. Dattawan da suka ga wancan zamani suna ta raguwa, kuma muryarsu da fuskarsu suna cikin faifan samarin nan, a wajen Maulidi da tafsiri da ɗaurin aure. Iyaye, in an kawo muku aiki, ku nemi na asalin ma a zuba muku a naku faifan. Samari, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya sa albarka a sana'a. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.