Fitilar Kwalba Da Aikin Gayya

A cikin shekara ta 2002, a garin Uberaba na ƙasar Birazil, wani makaniki mai suna Alfredo Moser ya gaji da yawan ɗaukewar wutar lantarki, sai ya nemi dabara. Ya sami kwalbar roba wadda aka sha lemo aka yar, ya cika ta da ruwa, ya zuba murfi biyu na ruwan bilic don kada gansakuka ta fito. Sa'an nan ya huda rufin ɗaki, ya soka kwalbar, kanta a waje, gindinta a ciki, ya liƙe gefen da ƙaro don kada ruwan sama ya zuba. Da rana ta bugi kan kwalbar, sai ruwan ya karya hasken ya watsa shi ko'ina cikin ɗakin, kamar an kunna ƙwan lantarki mai ƙarfin wat 40 zuwa 60.

Wannan dabara ta ƙetare teku. A shekara ta 2011 wani mutumin ƙasar Filifin, Illac Diaz, ya kafa wani shiri da ake kira Liter of Light, watau lita guda ta haske. Unguwannin talakawa na birnin Manila da kewayensa a cunkushe suke, ɗaki manne da ɗaki, ba taga, har da tsakar rana sai an kunna fitila. To, samari masu aikin gayya suka riƙa hawa rufin kwano suna dasa kwalabe, mai gida ya huta da biyan kuɗin wutar rana.

Sai dai fa wannan fitila tana da iyaka. Rana na faɗuwa ta mutu, alhali kuwa da dare ne buƙata ta fi tsanani, lokacin da yaro ke son karatu, ungozoma ke son ganin abin da take yi. Kuma rufin kwano take so; soron ƙasa da jinka ba su karɓe ta da sauƙi.

Cikin watan Nuwamba na shekara ta 2013 guguwar Haiyan ta auka wa Filifin, ta hallaka mutane fiye da 6,000, ta bar garin Tacloban cikin duhu. A nan ne amfanin fitila iri na biyu ya bayyana. Ita wannan ana haɗa ta da ɗan ƙaramin faifai mai zuƙar hasken rana, da batir, da ɗan ƙwai mai cin wuta kaɗan. Da rana faifan ya cika batir, da dare ƙwan ya kama, kwalbar kuwa ta tsare shi daga ruwa da ƙura. In aka ɗora ta bisa bututun roba, ta zama fitilar titi. Abin da ya sa talaka ya iya kusantarta shi ne kuɗin faifan ya faɗi da misalin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Kwalba ba ta da wuyar samu, kowace bola cike take da ita. Amma batir yana da kwanaki ƙidayayyu, waya takan tsinke, ƙura takan rufe faifai. Fitilar da baƙi suka kawo, suka kafa, aka ɗauki hoto suka tafi, ran da ta lalace ta zama tarkace, mutane su koma wa aci-balbal da kananzir, da hayaƙinsu da gobararsu. Hikimar shirin Diaz ita ce bai tsaya ga rabon fitila ba. An zaunar da mata da samari an koya musu haɗa waya da liƙa ta da dalma, da kayan da ake samu a kasuwar kusa, kuma ba a ɓoye wa kowa yadda ake yi ba. Wanda ya haɗa abu da hannunsa, shi ya san inda zai taɓa in ya ɓaci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Har yanzu mutane wajen miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da wutar lantarki. Lalle kwalba ba za ta juya injin niƙa ba, ba kuwa za ta sauke wa hukuma nauyin jawo wuta ba. Amma kafin wuta ta iso, duk ƙungiyar da ta yi niyyar wannan aiki, kada ta ƙidaya fitilun da ta kafa. Ta ƙidaya mutum nawa ta bari a unguwa waɗanda suka iya gyara, da kuma wanda aka damƙa wa asusun sayen sabon batir. Nan da shekara biyu, wannan lissafi ne zai nuna unguwar da ke da haske.