Rijiyar Cikin Teku Da Shirin Ko-Ta-Kwana

Yau za mu nufi bakin teku, inda ake haƙo man da jihohinmu ke rabon kuɗinsa kowane wata.

A watan Janairu na 1980 wata rijiyar kamfanin Texaco da ake kira Funiwa 5 ta fashe a cikin teku, daura da gaɓar da a yau take cikin Jihar Bayelsa. Ɗanyen mai ya yi kwanaki yana kwarara, iska da igiyar ruwa suka kora shi cikin ƙoramu, ya kashe itatuwan nan masu saiwa a ruwa waɗanda a gindinsu kifi ke hayayyafa. Bayan shekara 32, watau a Janairun 2012, a wannan fili dai na Funiwa, wuta ta kama dandamalin haƙa da ke yi wa Chevron aiki, mutum biyu suka rasu, wutar kuwa ta fi wata guda tana ci. Makonni kaɗan kafin nan, a Disambar 2011, ganga kimanin 40,000 ta tsiyaye daga filin Bonga na Shell.

Rijiyar tudu in ta ɓaci, ana iya zuwa da mota a dube ta. Ta cikin teku kuwa bakinta yana can ƙarƙashin ruwa, wani lokaci zurfin da ya fi kilomita guda, inda ɗan Adam ba ya iya nutso. In na'urar toshe bakin ta ƙi aiki, sau da yawa sai an haƙa wata rijiya a gefe an tare ta daga ƙasa, aikin watanni. Abin da ya sami Amurka ke nan a 2010: dandamalin Deepwater Horizon ya fashe, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya kwana 87 yana zuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan haɗari shi ne takardar shirin ko-ta-kwana ta kamfanin BP. Da 'yan majalisar Amurka suka bincika, sai ga sunan walrus cikin dabbobin da za a kare, wata dabba mai haure wadda ba ta zama sai a tekun ƙanƙara. Watau kwafo shirin aka yi daga wani wuri, hukuma kuma ta sa hannu. To, in haka ta faru a Amurka, ina ga namu?

Muna da hukumar NOSDRA tun 2006, aikinta gano malalar mai da sa ido a kan kwashe ta. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa hukumominmu kan dogara da kamfanonin mai wajen isa inda ɓarna ta auku. Alƙalin da mai laifi ya ɗauko a jirginsa, yaya zai yi hukunci?

A ganina, kafin a ba kowane kamfani izinin haƙa, ya kamata ya nuna inda ya ajiye shingen roba mai iyo da jiragen tsotse mai, da awa nawa za su yi kafin su isa rijiyar, a kuma gwada shi ba tare da sanarwa ba. Maganin da ake fesawa don tarwatsa mai ba ya kawar da shi, nutsar da shi yake yi cikin ruwa inda kifi yake, saboda haka a rubuta tun yanzu inda aka hana fesa shi. Masuntan ƙauyukan gaɓa su ne ke fara ganin mai a kan ruwa. A sanar da su ofishin da za su kai rahoto, a kuma tanadi ruwan sha da za a kai musu tun ranar farko.