Filin Wasanni: Dokin Arewa Ya Iya Zamiya, Saura Tsallake Shinge

Duk wanda ya fita Kaduna ta kudu ya kama hanyar Kaciya, da ya wuce matatar mai sai ya iske Mararaban Rido, cikin Ƙaramar Hukumar Cikun. Kafin a buɗe matatar nan a shekarar 1980, wurin akasarinsa gonaki ne da daji, amma yau gidaje sun cika shi, kullum kuwa sai ƙara yanka filaye a ke yi. Daga nan ne ƙasa ta ke fara sake kama. Sai tudu da gangare, da rafuka da kwazazzabai, da duwatsun Kujama da Kajuru, har a dangana da Kaciya da Kafancan. Direba ba ya ganin kome a nan sai wahalar tuƙi, amma wanda ya san sha'anin dawaki, idan ya dubi wannan ƙasa, zai ga irin fagen da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi su gina da hannu domin wani wasa da har yanzu bai sami gindin zama a Nijeriya ba.

Wasan nan shi ne Gasar Kwana Uku, watau doki ɗaya da mahayi ɗaya su ci jarrabawa uku dabam dabam. Ta farko ita ce gwajin ladabi, a fage mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, inda doki zai yi tafiya da sassarfa da ƙaramar sukuwa, ya juya, ya tsaya, ya ja da baya, ba tare da 'yan kallo sun ga an fizgi linzami ba. Ta biyu ita ce ratsa daji, kuma ita ce uwar gasar. A manyan gasa nisan ya kan zarce kilomita 6, wuraren tsallakewa su kai 45, akwai gungumen itace, da rami, da tafki, da ganuwa, tsayin shinge ya kai mita 1.20, sa'an nan ana bukatar gudun mita 570 a kowane minti. Ta uku ita ce tsallake sanduna a fage, waɗanda da kofato ya taɓa su sai su faɗi, don a ga ko dokin da ya sha wuya jiya yana da sauran ƙarfi da natsuwa yau. Laifi a ke ƙirgawa. Idan doki ya turje a gaban shinge cikin daji an rubuta masa 20, idan ya ka da sanda a fage an rubuta 4, idan kuwa mahayi ya faɗi, to, ya fita ke nan. Wanda laifinsa ya fi ƙaranci shi ne zakara.

Asalin wasan na soja ne. Da shi a ke gwada dokin hafsa, a ga ko zai natsu a fareti, ya kai saƙo ta cikin daji, kuma gobe ya tashi aiki. Sa'ad da ya shiga wasannin Olamfik a birnin Stokholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai a ka yarda su hau, mace kuwa ba ta shiga ba sai a Tokyo a 1964. A Ingila an fara babbar gasar Badminton a 1949, bayan 'yan ƙasar sun kasa taɓuka abin kirki a Olamfik ɗin da a ka yi a Landan a 1948. Gimbiya Anne, 'yar Sarauniya Elizabeth, ta zama zakarar Turai a 1971, kuma ta hau a Olamfik a 1976.

To, abin tambaya shi ne, me ya hana Arewa? Ai ba baƙuwar doki ba ce. Ƙasar da ke da sarautun Madawaki da Shamaki da Barde, wadda ta tara dubban mahaya a Kaduna a hawan daba na 1956 domin Sarauniyar Ingila, ta kuma sake tarawa a bikin FESTAC na 1977, ba za a koya mata son doki ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ko wasannin da Turawa su ka kawo ma Arewa ta karɓe su ta ƙware. An kafa kulob ɗin folo na Kaduna a 1918, kuma tun 1919 a ke takarar Kofin Jojiyan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya dasa folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai matsayi na 7 a ma'aunin gwanintar wasan, abin da har yau a ke tuna shi da shi. A 2001 an buɗe filin Fifth Chukker a Kangimi, kusa da Mararaban Jos. Ga filayen sukuwa a Kano da Maraɗi da Yamai. Duk da haka, har zuwa wasannin Paris na 2024, ba a taɓa ganin tutar Nijeriya a gasar dawaki ta Olamfik ba.

Dalili na farko yana cikin kayan doki. Sirdin gargajiya, mai tudu gaba da baya, an yi shi ne don ya riƙe barde daram sa'ad da ya ke suka da mashi. Linzamin kuwa mai kaifi ne, don doki ya tsaya cak yana tsakiyar gudu, shi ya sa zamiya ta ke ƙayatarwa ranar jafi. Amma doki ba ya tsalle sai ya miƙa wuyansa ya gantsara bayansa kamar baka. Idan linzami ya soke shi a baki yana sama, ko mahayi ya faɗo masa a gadon baya, sau biyu ya isa ya ɗauki shinge abokin gaba. Turawa ma sun daɗe cikin wannan kuskure, suna jingina baya suna jan linzami, sai da wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, ya nuna cewa a taƙaita likkafa, mahayi ya ɗaga daga sirdi ya karkata gaba, ya bar hannunsa ya bi bakin doki. Duk mai tsallake shinge a duniya yau tafarkinsa ya ke bi. Sai dai kada a manta, dokin da ya iya zamiya ya riga ya iya tattara ƙafafunsa na baya a ƙarƙashin cikinsa, kuma daga nan ne ƙarfin tsalle ya ke fitowa. Watau rabin karatun yana hannu.

Dalili na biyu cuta ce. Tun zamanin da, ƙudan tsando da ciwon sammore su ne su ka yi wa doki iyaka, shi ya sa dawaki ba su yawaita a kudancin Kaduna kamar Kano da Katsina ba, kuma shi ya sa hedkwatar cibiyar binciken wannan ciwo ta ke Kaduna. Akwai kuma annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu 'yan ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, wadda saboda ita fitar da doki daga nan zuwa Turai ya ke da matuƙar wuya. Dokar tsare dabbobi ba a wasa da ita, gama a 1956, da Ostireliya ta karɓi Olamfik, sai da a ka kai wasannin dawaki Stokholm saboda ita. Noor Slaoui ta Maroko, wadda ta shiga Gasar Kwana Uku a Paris a 2024, a Ingila ta ke zaune da dawakinta.

Dalili na uku, wanda ya fi sauƙin magani, shi ne rashin matakala. A Ingila yaro ya kan fara da shinge mai santimita 80, ya koma 90, ya koma mita ɗaya, kowane mataki da gasarsa kusan kowane mako. A nan kuwa saurayi mai doki, idan ba ɗan folo ba ne, ba shi da wurin nuna bajinta sai kilisa da rakiyar ango, inda a ke sukuwa a kan kwalta cikin motoci da babura, a karya doki, a karya yaro, wani lokaci har da mai wucewa.

Horon tsalle ba abin asiri ba ne, haƙuri kawai ya ke ci. Ba a ɗora wa dukushi shinge sai ya shekara huɗu, domin ƙashin bayansa ba ya gama ƙwari sai wajen shekara shida. Da fari a kan sake masa linzami mai laushi, mai gaɓa a tsakiya, a yi watanni ana koya masa tafiya sosai da juyi da tsayawa ta hanyar matsa ƙafa da zaman sirdi. Sa'an nan a shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa ya riƙa ƙetarewa da tafiya. In ya saba, a jera huɗu ko biyar, tsakaninsu kamar mita ɗaya da 'yan kai, ya bi da sassarfa har ya koyi duban inda zai sa kofato. Bayan haka a gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu ba ta wuce gwiwar mutum ba, domin gicciyen ya ja shi zuwa tsakiya. Takin doki a ƙaramar sukuwa wajen mita uku da rabi ne, da shi a ke auna tazarar shinge da shinge, kuma wajibi ne a rage wa ƙaramin doki. Kwana biyu a mako sun isa tsalle, sauran kwanakin a yi hawan tudu da gangare don ƙarfin cinya da numfashi.

Ruwa da rami su ne su ka fi ba doki tsoro, gama ba ya iya gane zurfinsu. Dabarar ita ce a sa tsohon doki wanda ya saba ya wuce gaba, ƙaramin ya bi sawunsa, a fara da rafin da bai kai idon sawu ba. Idan doki ya turje, mai horo na ƙwarai ya kan duba abu uku kafin ya taɓa bulala: ko shingen ya yi masa tsawo, ko wani wuri na yi masa ciwo, ko kuwa hannun mahayi ne ya yi nauyi. Sau da yawa na ukun ne. A kan rage shinge a koma baya, a kuma tashi daga horo a kan tsallen da ya yi kyau, a shafa wuyansa a sauka. A ƙasa irin ta Kaduna lokaci ma abin lura ne. Da rani marmara ta kan bushe kamar dutse ta ci jijiyoyin ƙafa, da tsakiyar damina kuwa ga santsi, saboda haka kaka ta fi, da sassafe. Binciken da a ka yi gabanin Olamfik na Atlanta a 1996 ya tabbatar cewa kwarara wa doki ruwan sanyi mai yawa bayan gudu shi ne hanya mafi sauri ta sauke masa zafi, ba ya kuwa cutar da shi.

Masu cewa dokin ƙasar nan ya yi ƙanƙanta, sai an sayo na Ajantina, ya kamata su ji labarin Stroller. Tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma da shi Marion Coakes ta Ingila ta ci lambar azurfa a tsallake shinge a Olamfik na Meziko a 1968. Charisma, wanda Mark Todd na Niyu Zilan ya ci zinariya da shi a Gasar Kwana Uku a 1984 da 1988, shi ma ƙarami ne a cikin sa'o'insa. Dokin Barno da na Azbin suna da jimiri da taurin kofato da sanin ƙasa, kuma shingen santimita 80 bai fi ƙarfin lafiyayyensu ba.

Shiga gasar ƙasa da ƙasa yana da ƙa'idodi, waɗanda Tarayyar Wasannin Dawaki ta Duniya, da a ka kafa a 1921, ta ke tsarawa. Ƙungiyar ƙasa ce ke shigar da sunan mahayi. Doki sai da fasfonsa da shaidar allurar rigakafi. Ba a tsallake mataki, kuma ba a kai doki mataki na ƙoli sai ya shekara takwas. Likitoci su kan duba shi kafin a fara, su sake dubawa bayan ratsa daji, wanda ya ɗingisa an sallame shi, kome girman mai shi. Tsananin nan yana da dalili, domin a shekarar 1999 kaɗai mahaya biyar su ka mutu a wannan wasa a Birtaniya, abin da ya sa a ka ƙago shingayen da ke sakin jiki idan doki ya buge su da ƙarfi. Hular kwano da rigar kare ƙirji, wadda ba ta da nisa da lifidi, dole ne.

Abin da ya rage shi ne a fara daga ƙasa. Kulob-kulob na folo suna da fili da barga da masu kiwo. Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna tana koyar da hawa, Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar Vom suna da likitocin dabbobi, masarautu kuwa, daga Zazzau har Jama'a, suna da dawaki da samari. Sanduna goma sha biyu da 'yan gangunan mai sun isa a buɗe ajin farko a gefen kowace gasar folo. Fagen ratsa daji shi ne mai bukatar ƙasa mai tudu da rafi, irin wadda ke tsakanin Mararaban Rido da Kujama, muddin an tabbatar da tsaron da yankin ya yi fama da rashinsa a shekarun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan Gwamnatin Jihar Kaduna da masu dawaki ba su keɓe wani yanki tun yanzu ba, nan da 'yan shekaru masu awon filaye za su gama da shi, sa'an nan sai a koma ana tara ƙasa da tirakta don a yi tudun da a da ya ke nan kyauta.