Kyamara Ba Ta Zama Shaida Sai An Adana Hotonta

Sanin kowa ne cewa a shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, wadda ta haɗa da kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas. Yawancinsu ba su daɗe suna aiki ba.

To amma kafa kyamara somin-taɓi ne. Babban aikin shi ne adana abin da ta ɗauka. Abin da ya auku a mashigar Lekki ranar 20 ga Oktoba, 2020, ya isa misali. Kamfanin da ke kula da wurin ya shaida wa kwamitin bincike na Jihar Legas cewa kyamararsa ta daina ɗauka wajen ƙarfe 8 na dare. Har yanzu ana gardama a kan abin da ya faru daren nan.

Bisa Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kotu ba ta karɓar irin wannan hoto sai an tabbatar mata na'urar tana aiki daidai. Ga shi kuma na'urorin kantuna da gidajen mai sukan shafe tsohon hoto da zarar ma'ajiyarsu ta cika.

Saboda haka wajibi ne 'yan sanda su hanzarta kwafe hoto da zarar an kai ƙara, su kulle shi, su kuma rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi. In ba haka ba, mai laifi zai kuɓuta, a bar marar laifi a tsare.