Awa 25 Ba Labari: Asabar A Gidan Bayahude

A wannan mako, mai karatu, zan kauce wa siyasar gida in leƙa gidan Bayahude, wato wanda ya riƙe addininsa da gaske, domin akwai da dama waɗanda Yahudancinsu na gado ne kawai.

Ga irin wannan iyali, mako yakan ƙare da faɗuwar ranar Jumma'a. Kafin lokacin, uwargida ta gama girkin yini guda, yara sun yi wanka, maigida ya baro aiki ko da shugabansa zai ɓata rai. A birnin London, inda rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 a watan Disamba, wannan ba ƙaramin tsere ba ne. Saura minti 18 rana ta faɗi, uwa za ta kunna kyandir, uba kuma ya ɗora hannu bisa kan kowane yaro ya sa masa albarka. Daga nan har taurari uku su fito daren Asabar, kimanin awa 25, babu tuƙi, babu rubutu, babu ciniki. Malamansu sun lissafa nau'in aiki 39 da aka hana, kuma rediyo da wayar hannu sun faɗa ciki ta hanyar ƙiyasi. Mu 'yan jarida da muke kwana da rediyo a kunne, abin yakan ba mu mamaki.

Sai dai tashin hankali bai san Asabar ba. Ran 6 ga Oktoba 1973 Masar da Siriya suka kai wa Isra'ila hari a ranar azuminsu mafi girma, aka dinga kiran sojoji daga majami'u. Shari'arsu ta yarda da haka, domin a wurinsu ceton rai yana gaba da hutun Asabar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ba soja ba, ba kuma likita ba. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya ci rayuka kimanin 1,200, ya faɗo ran Asabar, a kan wani idi da Yahudawan ƙetare ke yi kwana biyu. Saboda haka uwar da ke New York, ɗanta na Isra'ila, ba ta da izinin taɓa waya sai Lahadi da dare, tunda kiran nata ba zai ceci kowa ba, hankalinta kaɗai zai kwantar. Wasu sun daure, wasu sun ɗauki wayar, ni kuwa ban ga laifin ko ɗaya ba. Ban kuma manta ba cewa uwar da ke Gaza, inda aka kashe dubun dubata a yaƙin da ya biyo baya, ba ta samu ko awa ɗaya ta kashe labari ba, domin a kanta yake sauka.

Yaƙin ya ma raba kan iyalan Yahudawa, ɗa na zanga-zangar ƙin jininsa, uba na goyon baya, kuma akushi ɗaya ke haɗa su daren Jumma'a. Ga kuma tsoro. An kashe mutum 11 a wata majami'a a Pittsburgh ta Amurka ran wata Asabar a 2018, aka kuma kai hari a wata a Manchester ta Ingila a 2025. Tunda ba a tuƙi, a ƙafa maigida zai ja yaransa zuwa ibada, da 'yar hularsa a ka, ya wuce masu gadi a bakin ƙofa.